Igiyar da Rejean Ya Cafe

Gab da faɗuwar rana aka tura Rejean ya watsa gishirin narkar da ƙanƙara a tsohon gefen tashar jiragen ruwa ta Sept-Îles, don ƙanƙara ta fara kama turakun ƙarfen da ake ɗaure jirage. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne: a jefo siririyar igiya daga jirgi, ya cafe, ya jawo babbar da ita, ya rataya a turke. Hannunsa ya daina neman shawarar kansa, kuma sabo turken wawa ne.

Hazo ya rufe teku. Ba ka jin komai sai warin man jirgi da jiƙaƙƙiyar tama.

Oba-obarsa ta yi ƙara. Gaetan ne, ƙanin matarsa, daga ɗakin masu gadi.

"Tsoho, gwiwar ce ta ƙi? Kofinka fa zan shanye."

Sai wani abu ya keto hazon ya nufo Rejean. Kafin ya yi tunani ya cafe. Siririyar igiya ce, sanyi ƙalau, duk gansakuka. Ya naɗe ta a hannu ya fara ja, abin da shi da kansa yake hana sababbi.

"Gaetan, wane jirgi ne ya shigo?"

"Jirgi kuma? Babu jirgi sai jibi."

Babu fitila a kan ruwan, babu ƙarar inji. Igiyar ta ɗame ta shige masa nama.

"Ɗaure mu, ɗan'uwa," in ji wata murya can ƙasa-ƙasa. "Mun gaji."

Ya yi ƙoƙarin warware hannunsa, ya kasa. Takalmansa suka fara zamewa a kan ƙanƙarar zuwa bakin ruwa.

"Gaetan," ya ce da raɗa, "zo da gatari."

Igiyar ta fara rawa. Wani ne yake biyo ta, hannu bayan hannu. Ba shi kaɗai ba.

Warin ruɓaɓɓen katako ya bugo shi. Taku ɗaya ya rage masa ya faɗa ruwa.

Wasu yatsu masu laushi suka dafa bayan hannunsa. Ba su fizge shi ba, riƙe shi kawai suka yi.

"Don Allah," in ji muryar.

Gatarin Gaetan ya sauka a kan igiyar. Rejean ya faɗi da baya, ya ji abubuwa masu nauyi suna faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi ihu a cikinsu.

Hannun bai sake moruwa ba, dole ya ajiye aiki. Gaetan bai ƙara tsokanarsa ba. Matarsa ta ɗauka tsoro ne yake hana shi cin abinci, har ranar da ta zaunar da shi ta tambaya.

Ya daɗe yana kallon hannun.

"Tun da nake ban taɓa barin jirgi a ruwa ba," ya ce. "Har yanzu suna can, kuma babu mai ɗaure su."