Randar da Ɗan Seoul Ya Wanke

Da shebur a hannu Ye-rim ta fara ganinsa, ya diro daga motar masu aikin sa-kai sanye da farin takalmi. Yana taka ƙasar ƙauyen Solgol laka ta haɗiye masa ƙafa ɗaya. Tun ranar da dutse ya zaftaro ya binne rabin ƙauyen, har da mahaifiyarta, ba ta yi dariya ba sai a lokacin.

"Ɗan Seoul, agaji ka kawo ko kai za a agaza wa?"

Ya ce sunansa Dong-ha, takalmin kuma ya ba laka sadaka. Ta cilla masa shebur, ya cafe yana cewa, "An gama, Shugaba."

Daga nan abu ya tafi da gudu. Da rana suna kwasar laka, da yamma suna rabon shinkafa a makarantar da aka tsugunar da jama'a. Kullum kwanon da take zuba masa ya fi na kowa kimchi, kabejin nan nasu mai yaji, har tsofaffi suka fara zunɗe. Bong-su direban katafila, wanda ya daɗe yana neman aurenta, shi kaɗai abin bai ba shi dariya ba.

Sai tsautsayi ya gitta. Dong-ha ya tono wata randa a bayan gidan su Ye-rim, ko tsagewa ba ta yi ba. Ya buɗe, ya ga baƙin ruwa mai warin daddawa. An ce musu duk abincin da laka ta binne a zubar, don haka ya tuntsurar, ya wanke ta tas, ya kai wa mahaifinta yana murmushi. Bong-su na kallo tun farko, amma bai hana shi ba.

Mahaifin nata, Tsoho Man-seok, ya leƙa randar, ya zauna daɓas a ƙasa. Uwar ganjang ce, ruwan daddawar waken suya da suke miya da shi, tun ta kakanni. Duk shekara Mama kan ɗebi ludayi guda ta zuba a sabon haɗi, don ɗanɗanon gidan kada ya mutu. Dutse bai iya da ita ba, sai ga ɗan agaji ya gama da ita. Baba ya rantse yaron ba zai sake taka masa gida ba.

Ye-rim ta daina ɗaga wayarsa. Sai ga saƙo:

"Shugabata, ban isa in ce ki yafe ba. Tambaya ɗaya ce: Mama tana da rowa?"

Ranta ya ɓaci, ta rubuta: "Ka zubar, kuma ka zage ta? Babu amaryar da aka yi a ƙauyen nan da Mama ba ta ɗibar mata a randar nan ba."

"Na gode, zuciyata."

Shi ke nan, ya ɓace. Bong-su ya dinga yayata cewa ɗan birni ya tsere. Ta ce ya raka taki gona, amma wayar ba ta bar hannunta ba.

Ranar da ake jera wa Mama abincin tunawa, kamar yadda suke yi wa mamaci, wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gida tana hon. Mata suka fara sauka, masu furfura da masu goyo, kowacce rungume da kwalbar ganjang. Amaren da Mama ta ɗibar wa ne, waɗanda aure da neman abinci suka watsa garuruwa. Ashe Dong-ha ne ya bi su gida-gida, ya rame ya yi baƙi.

"Matsa, Man-seok," in ji wata tsohuwa. "Kayan matarka muka dawo da shi."

Ɗaya bayan ɗaya suka juye a randar. Baba ya tsoma yatsa, ya lasa, ya daɗe ido a rufe.

"Gishiri ya ɗan yi yawa," ya ce. "Haka nata yake."

Ya juya ga Dong-ha da ke durƙushe. "Kai, mai wanke-wanke. Wanda ya zubar, shi zai yi gadinta har ya tsufa. Za ka iya?"

"Idan Shugaba ta ɗauke ni aiki, Baba."

Ye-rim ta share hawaye, ta ce sai dai ya canza takalmi.

Da kaka aka sha biki a filin makarantar. Da ganjang ɗin nan aka haɗa taliyar ango da amarya, Bong-su ma kwano biyu ya tashi da su. Baba ya ɗora hannuwan Ye-rim da Dong-ha a kan murfin randar, ya yi musu fatan zaman da zai yi ta ƙara daɗi da daɗewa, da zuri'ar da za ta ɗiba ta ba wasu.