Aljihu a Gefen Hagu

Yaya Rahamatu ba ta zauna ba. Ta kwance baƙar leda, ta zaro farar rigar mama, ta ajiye ta a kan tabarma tsakanin Tayyiba da mahaifiyarta.

"Wannan taki ce?"

"Tawa ce, Yaya."

Rahamatu yayar Abdulfatah ce, saurayin da aka sa musu rana da Tayyiba bayan Babbar Sallah. Ita aka ɗora wa haɗa lefe. Daga Gumel ta shigo motar haya zuwa Gagarawa ba tare da ta yi waya ba.

"Cewa na yi a aiko min da ɗaya cikin naki in san lambarki, kada mu cika akwati da abin da ba zai shige ki ba. Jannatu 'yar gidanku ta kawo min wannan. Na miƙa wa mai shago, ta juya ta a gaban mutane."

Ta sa yatsa a ɓangaren hagu, inda aka ɗinka ɗan aljihu da zare da allura, ta jawo curin auduga.

"Mene ne wannan?"

"Rahamatu, zauna mana ki sha ruwa..." in ji Inna.

"Ki gafarce ni, Inna. Amsa nake so."

Tayyiba ta ɗago kai.

"An yi min aiki a Kano tun kafin in san shi. Sankarar mama ce. Sun cire na hagu."

"Ya sani?"

"Bai sani ba."

"Ni na ce ta dakata," Inna ta ce a hankali. "Na ga yarinya ta fara dariya bayan ta daɗe ba ta yi ba."

Rahamatu ta ajiye audugar. Muryarta ta sauka, amma ba ta yi laushi ba.

"Allah ya ƙara sauƙi. Amma Hajiyarmu ta riga ta ji. Tambaya take yi, da me za a shayar mata da jikoki, kuma wa ya ce ciwon ba zai dawo ba. Ni ba ni da abin ce mata."

Ta gyara mayafi ta fita.

Tayyiba ta tarar da Jannatu a madafa tana tankaɗe. 'Yar ƙanwar Inna ce, a gidan ta tashi, ita ta yi jinyar Tayyiba a asibiti. Ita ce kuma ta fara gaisawa da Abdulfatah a wani biki a Sule Tankarkar, kafin ya tambaye ta sunan wadda ke tsaye a bayanta.

"Sabuwa na ba ki a leda ki kai. Me ya kai ki igiyar shanya?"

"An ce wadda kike sawa kullum, saboda lamba."

"Jannatu..."

"To ƙarya na yi musu? Da sai daren farko zai gani?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Abin da Tayyiba take tambayar kanta ke nan tun ranar da aka sa rana.

Abdulfatah bai kira ba. Saƙon da yake turowa kowace safiya ya tsaya. Ranar Alhamis ta san yana kasuwar Maigatari, inda yake aikin duba lafiyar dabbobi, ta ce a ranta aiki ne ya riƙe shi. Maƙwabta kuwa suka fara shigowa gaida Inna, idanunsu a kan ƙirjin Tayyiba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka ce yana zaure.

Ta buɗe akwati ta ɗauko rigar maman da take sawa duk ranar da zai zo, mai ƙarfe a ƙasa da soso mai kauri. Lambarta ta yi mata kaɗan, da gangan ta saya haka don kada cikon da take sawa a hagu ya goce. Ta ja numfashi ta maƙala ƙugiyar. Ƙarfen ya zauna daidai kan tabon.

Yana zaune a kan benci da hularsa a gwiwa. Suka gaisa kamar baƙi.

"Mai shagon kayan mata ta riga ni sani," ya ce. "Direban da ya kawo ni ma ina jin ya sani."

"Ka yi haƙuri."

"Ba haƙuri na zo karɓa ba, Tayyiba. Sau nawa na zauna a nan ina ba ki labarin cikina? Har na rasuwar Baba, wanda ko Yaya ban ba ta ba. Ke kuma kina kallona."

"Na sha ɗaukar niyya. Sai ka shigo kana murmushi, in ce bari sai wani zuwan."

"Tsoron me kike?"

"Wannan zaman da muke yi yanzu."

Ya juya hular a hannunsa.

"Me likita ya ce? Gaskiya zalla."

"Ya ce zan iya haihuwa. Zan iya shayarwa da ɗayan. Ina komawa a duba ni lokaci-lokaci." Ta dube shi. "Bai ce ba zai dawo ba. Na tambaye shi, ya ce babu mai wannan alkawarin."

"Hajiya ta ce a ɗaga rana."

"Na fahimta."

"Kawuna Ɗantsoho ya ce ni zan zauna da ke, ni zan yanke."

Ta gyara zama, ta sa hannu ƙarƙashin hijabi ta ɗan ɗaga ƙarfen daga fatarta. Ya lura. Ba yau ta fara ba.

"Kullum kina yin haka. Na ɗauka kunya ce."

"Rigar ce. Tana da ƙarfe, yana cin wurin ɗinkin. Mai aljihun nan, Inna ce ta ɗinka min, ba ta ciwo, amma audugar tana hawa sama, ana ganewa. Wannan ita ke daidaita ni."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwanka na farko. Idan ka tafi sai Inna ta sa min magani. Wani lokacin da jini."

Ya sunkuyar da kai.

"Wato duk hirar da nake jin daɗinta, ke a kan ƙarfe kike zaune."

"Ni ma ina jin daɗinta, masoyi. Shi ya sa."

Ya mayar da hularsa kai. Ta ɗauka tashi zai yi.

"Ban ɗaga rana ba," ya ce. "Raina a ɓace yake, kuma ban san yaushe zai sauka ba. Hajiya ma za ta daɗe ba ta sauko ba, kada in yi miki ƙarya. Amma ban ɗaga ba."

"Abdulfatah..."

"Yaya ta ce ta cire hannunta daga sayen rigunan mama na lefe. Na ce ya yi. Akwai wadda ake yi musamman don irin wannan?"

"Akwai a Kano. Wata nas ta taɓa nuna min. Auduga ce zalla, ba ƙarfe, hannunta mai faɗi, ciko kuma auna mutum ake yi."

"Ranar ganin likita mu tafi da Inna, a auna ki. Ina so in ji bayaninsa da kunnena." Ya nuna ƙofar cikin gida da haɓa. "Yanzu shiga ki cire wannan."

"In sa me?"

"Abin da ba ya ciwo, Tayyibata. Ina nan."

Ta shiga ɗaki ta ɓalle ƙugiyar. Jan layi ya kwanta daga tsakiyar ƙirjinta har ƙarƙashin hammata. Ta sa singileti kawai, ta mayar da riga da hijabi. A bakin zaure ta tsaya, hannunta a jikin bango, sannan ta shiga.

Hijabin ya kwanta shafe a gefen hagu. Ya kalli wurin, bai yi saurin kawar da kai ba. Sannan ya kalli fuskarta, ya matsa ya bar mata gefen benci.

Ta zauna ta ja numfashi har ƙasan ƙirjinta.

"To," ya ce, "fara min daga ranar da kika fara jin ƙullutun."