Hancin Aro

Ranar Talata da hantsi, a makon ƙarshe na kakar inabi, aka buga wa Sufeto Maïté Darrigade waya cewa an tsamo gawa daga tankin giya a gonar inabin Château Vaubrisse.

A nan yankin Médoc na Faransa ba wanda bai san Vaubrisse ba. Jar giyarsu sai dai mu ji labarinta a bakin attajiran Paris, mu da muke tsinko inabin ko kwalba ɗaya ba mu taɓa saya ba. Kuma duk wanda ya ambaci giyar sai ya ambaci Monsieur Hilaire Dubosc, babban mai haɗa ta, wanda ake cewa da hancinsa yake gane gonar da kowane inabi ya fito.

Shi ya tarbi Sufeto a ƙofar rumbun giyar. Idanunsa sun yi ja.

"Firmin Cazenave ne," in ji shi. "Shekara talatin da takwas muna tare. Ya shiga kwashe ɓawon inabi shi kaɗai."

"Kana ina lokacin?"

"Ina ofis. Da na dawo na leƙa, na gan shi kwance."

Ko yaro a garin nan ya san dokar tanki. Bayan an tsiyaye giya, wata muguwar iska takan kwanta a ƙasa, wadda ke kashe ƙato cikin minti biyu. Shi ya sa ake zura kyandir a gani ko zai mutu, sannan mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, abokin aikinsa ya riƙe daga sama.

Sufeto ta durƙusa kan gawar. Rigar Firmin ta rine da ruwan inabi tun daga wuya har ƙasa, ban da wani siririn farin layi da ya zagaye ƙugunsa. Ta ɗaga kai. Igiyar tana rataye a ƙusa, an naɗe ta tsaf. Da ta taɓa bakin igiyar, sai yatsunta suka yi ja.

"Wa ya taɓa igiyar nan yau?"

"Babu kowa. Ai bai ɗaura ba. Wataƙila ya ɗan kurɓa ne da safe."

Ta goge hannunta da hankici.

Gidan Firmin yana bayan gonar. Matarsa Odette tana zaune a kicin, ga miyar da ta ɗora masa ta huce a tukunya. Sufeto ta faɗa mata abin da Hilaire ya ce.

"Ya kurɓa?" Ta miƙe tsaye. "Wane maƙaryaci ne ya faɗa? Madam, mijina shaƙa yake yi ya tofar. Ko turare ya hana ni sawa tun ranar aurenmu, wai zan ɓata masa hanci. Yanzu don ba shi da bakin magana za a binne shi da sunan mashayi?"

"Me lebura zai yi da hanci, Madam Cazenave?"

"Ki tambayi Hilaire. Shekara uku ke nan, tun da ya tashi daga wani zazzaɓi, kullum da safe sai ya ja Firmin ɗakin ɗanɗano su kulle ƙofa. Ran Lahadi Firmin ya ce mini ya gaji da ɗaukar kayan wani. Ya ce in an gama kaka zai je ya ga mai gonar."

"Ya faɗi abin da zai gaya masa?"

"Firmin? Sai kin matse shi kamar inabi kafin ya yi magana."

Sufeto ta dubi kantar kicin ɗin, inda ruwan tsamin girki yake. "Ara mini wannan kwalbar ruwan kal ɗin."

Da la'asar ta sami Hilaire a ɗakin ɗanɗano. Ta riga ta sa Sajen da ke tare da ita ya ɗebo giya daga ganga, ta tsiyaya mata ruwan kal cokali biyu. Tsamin har Saje sai da ya kau da kai.

"Ni jahila ce a harkar nan, Monsieur Dubosc. Shaƙa mini wannan, ka faɗa mini me ake ji."

Hilaire ya karɓi kofin, ya juya shi yadda ya saba yi a gaban baƙi, ya tura hancinsa ciki ya lumshe ido.

"Ta bara ce. Akwai ƙanshin baƙin 'ya'yan itace, da ɗan itacen ganga. Lafiyayya."

Wallahi abin tausayi ne. Mutumin da aka yi shekaru ana cire wa hula, ga shi yana yabon ruwan kal.

"Kurɓa," in ji Sufeto.

Ya kurɓa. Harshe dai bai mutu ba. Fuskarsa ta yamutse, ya ajiye kofin a hankali.

"Ba ka jin ƙanshin komai," ta ce. "Firmin ne hancinka. Kuma da igiya a ƙugunsa ya shiga tankin, ga shatinta a rigarsa. Wa ya riƙe ta?"

Ya daɗe yana kallon kofin. Sannan ya zauna a kan benci.

"Ni ne."

"Kyandir fa?"

"Ni na zura. Ya mutu tun bai kai rabi ba. Firmin yana ƙasa a wajen tankin yana sa takalmi, ya ce, 'Hilaire, yaya?' Na ce masa yana ci." Ya dubi tafin hannunsa. "A kan tsani ya sake ce mini in an gama kaka zai ga mai gonar. Ya ce ba don ya tozarta ni ba, shi dai ƙaryar ce ta ishe shi. Da ya sauka ya ja igiyar sau biyu. Na ji a tafin hannuna. Na tsaya. Na ce a raina minti ɗaya kawai, ban ma san me nake jira ba. Da na ja, ya yi nauyi."

"Sai ka kwance igiyar."

"Na jawo shi bakin ƙofar ƙasa ta tankin na kwance. Sannan na ce ya sha giya." Ya rufe fuska da hannu biyu. "Mutumin da ya rufa mini asiri shekara uku. Lambobin yabon nan na bango duk nasa ne. Wannan kalmar ta mashayi ta fi igiyar ci mini rai."

Saje ya sa masa ankwa. Ma'aikata sun yi cirko-cirko a tsakar gida, kwanduna a hannu. Odette tana tsaye a bakin ƙofar gonar da baƙin mayafi.

Hilaire ya ja ya tsaya a gabanta.

"Odette, bai sha komai ba. Ni ne na…"

"Ni na sani," ta ce. "Ba ni za ka gaya wa ba. Juya ka gaya musu, da ƙarfi, yadda ka faɗi waccan ƙaryar."

Ya juya ya fuskanci ma'aikatan, ya faɗa, har sau biyu, domin na bayan ba su ji ba. Sannan Saje ya buɗe masa ƙofar mota.