Ranar Yayen Jika

Da hantsi aka kawo wa Sarsan Attahir labari, a kakar 1926. Shi ne babban gardi, wato ɗan sandan da kumandan, Baturen mulki, ya ajiye a Gangara, shi ke binciken duk wani kisa. Mutum ne mai saurin hannu, ba ya tambaya sau uku.

Gawar tana cikin kwari, gindin wata aduwa. Yahuza ne, manomi. An sare shi da gatari sau biyu, ɗaya a ƙeya, ɗaya a hannun da ya kare kansa. Ƙudaje sun riga kowa zuwa. Kusa da shi 'yarsa Balki, 'yar shekara biyar, tana rungume da gorar ruwa, bakinta ya ƙi buɗuwa.

Matarsa Hadiza ta iso da gudu, ba ɗankwali. Ta dubi gawar, ta waiga dama da hagu.

"Ina Jika? Ina ƙaramar?"

"Su nawa suka fito, baiwar Allah?" in ji Attahir.

"Su uku. Yau aka yaye Jika, zai kai ta wurin kakarta. Ya ce za su taka a hankali, Balki ta raka su."

Yarinya 'yar shekara biyu, ba nono ba ruwa, ga rana tana ta hawa. Hankalin Attahir ya tashi ƙwarai.

Ya bi sawu. Tafiya da yara ba ta miƙewa. Nan sun ratse sun tsinki magarya, can uban ya durƙusa yana lallashi. Daga wurin gawar kuwa sawun babban mutum ɗaya ya fita, ya ɓace a kan tsakuwa. Na Jika babu ko ɗaya.

"Wa ya san za su bi ta nan?"

"Yaya Ɗanmalam kaɗai, wan mijina."

A gona suka same shi yana yankan gero, kamar ba abin da ya faru a duniya.

"Tun asuba ina nan, ranka ya daɗe. Ban sa su a ido ba."

"'Ya'yanka nawa?"

"Allah bai ba ni ba."

Attahir ya kama ƙirjin rigarsa ya jawo shi.

"Karangiya a ƙafar wando take kama mutum. Kai yaya ta hau maka ƙirji, nan da nan, dama da hagu? Sai wanda ya ɗora yaro a wuya, ƙafafunsa suna reto. Ɗan wa ka ɗauka?"

"Wallahi ni..."

Gindin bindiga ya same shi a baki. Ya tofar da haƙori biyu cikin jini. Kafin ya miƙe bulala ta tsaga masa baya, ta sake, ta kuma.

"Ina take?"

"Rumbu," in ji shi. "Tana rumbuna, na rufe."

Rumbun ƙasa ne, tsakar rana, ya yi zafi kamar tanda. Attahir bai tsaya neman tsani ba, ya sa gatari ya farke masa ciki. Ya zaro yarinyar sharaf, leɓɓanta sun bushe, ko kuka ba ta yi.

Hadiza ta zauna a ƙasa. Ta goge maɗacin da ta shafa wa nononta da safe, ta sa mata a baki. Yarinyar ba ta kama ba. Can sai ɗan maƙogwaron ya motsa.

Ana ɗaure Ɗanmalam da igiya a sirdin doki yana magana, ba wanda ya tambaye shi.

"Tun tana ciki ƙanena ya ce tawa ce in an yaye ta. Shekara ashirin ban ji kukan yaro a gidana ba. Na tare shi a hanya in karɓi abata, ya ce ya fasa. Gatarin yana hannuna."

Ya miƙa wuya yana leƙen bayan matan da suka kewaye Hadiza.

"Don Allah, tana sha?"

Attahir ya zaburi doki, igiya ta fizge Ɗanmalam.