Wa Ya Ɗauke Takardun Malamin Faransanci?

Insifekta Dunoma Gaji bai gama tsoma burodinsa a shayi ba, safiyar wata Litinin, sai ga wata mata ta faɗo caji ofis a Gashuwa tana haki. Wani dogon mutum siriri yana biye da ita, hularsa a hannu.

"Yallaɓai, an yi mana sata!"

Hajiya Meram ke nan, shugabar wata makarantar kuɗi da ke hanyar bakin kogi. Mutumin da ke bayanta kuwa Malam Hamajoɗa ne, ɗan Garwa ta ƙasar Kamaru, shekararsa shida yana koyar da Faransanci a makarantar.

"Me aka ɗauka, Hajiya? Kuɗi?"

"Da kuɗi ne ai da sauƙi. Ambulan ne guda ɗaya."

Dunoma ya dubi shayinsa, ya dubi Hajiya, ya ce ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla.

Ashe wata guda da ya wuce shugaban kwamitin makarantar, Alhaji Abbagana, wanda ke neman kujerar ɗan majalisar jiha, ya kafa sabuwar doka. Ya ce duk malamin da ya zo daga ƙasar waje sai ya kawo takardunsa na asali, a ɗauki zanen yatsunsa, a tura Damaturu a bincika ko an taɓa ɗaure shi. Wanda takardunsa ba su isa ba ranar Laraba, ya tattara komatsansa. Ranar da aka ɗauki zanen yatsun har 'yan jarida Alhaji ya gayyato. Da ya ga an saita masa kyamara, sai ya naɗe hannun riga ya dangwala nasa yatsun goma a kati, don duniya ta shaida shi ba ya tsoron bincike. Ambulan ɗin da ya ɓace shi ne wanda aka zuba takardun Hamajoɗa da katunan zanen yatsu a ciki.

"Digirina yana ciki, Yallaɓai," in ji Hamajoɗa. "Da fasfo, da takardar izinin zama. 'Ya'yana uku duk nan aka haife su. In aka kore ni, ina zan nufa da su?"

Dunoma ya ture kofin ya ɗauki hularsa.

A ofishin Hajiya bai ga inda aka ɓalle ko ƙusa ɗaya ba. Kwamfuta tana kan tebur, sabuwar fanka tana cikin kwalinta. Kabad ɗin ƙarfe da aka ajiye ambulan ɗin an buɗe shi da makulli, an kuma rufe.

"Ɓarawon nan yana da tarbiyya," in ji Dunoma. "Su wa ke da makulli?"

"Ni da Alhaji ne kawai. Shi kuma ya ce nasa ya ɓace tun azumi."

"Yaushe kika ga ambulan ɗin na ƙarshe?"

"Juma'a da hantsi, kafin mu tashi."

Ya fito wurin mai gadi, wani dattijo Bafulatani mai suna Bobboi. Yana zaune kan benci, ya kafa sabuwar hula zanna bukar wadda ko karin guga bai bar jikinta ba.

"Baba, ranar Juma'a bayan an tashi wa ya shigo?"

"Ko akuya ba ta shigo ba, Yallaɓai. Ina nan daram."

"Ba ka je masallaci ba ke nan?"

"Subhanallahi! Na je mana, sahun farko ma."

"To kana nan daram ko kana sahun farko?"

Bobboi ya cire hular yana fifita da ita, ya ce tsufa ya sa kwanaki suna cakuɗe masa. Dunoma ya yaba hular, ya tambayi inda aka saya. Tsohon ya ce kyauta ce daga wani bawan Allah, sunansa ma ya kwanta masa.

Daga nan Dunoma ya wuce gidan Alhaji Abbagana. Ya same shi a zaure, babbar riga ta sha aiki, magoya baya sun kewaye shi. Ko zama Insifekta bai yi ba Alhaji ya fara jawabi.

"Ai ba sai ka wahalar da kanka ba, Insifekta. Malamin nan shi ya sace kayansa don kada asirinsa ya tonu. Mutum ya tsallako iyaka, ba mu san uwarsa ba, ba mu san ubansa ba, mu damƙa masa 'ya'yanmu? Wa ya sani ko daga kurkuku ya gudo?"

"Ranka ya daɗe, ina kake ranar Juma'a da azahar?"

"Ina Katuzu, wurin taron siyasa. Jama'a dubu sun gan ni."

Dunoma ya yi godiya ya fita. Yana hawa babur ya kira wani abokinsa manomin fadama a Katuzu. Abokin ya ce lallai Alhaji ya zo, amma sai bayan la'asar, lokacin shinkafar da aka dafa wa jama'a har ta huce, rabin mutanen sun watse.

Ya koma wurin Bobboi da ƙullin goro. Wannan karon bai yi tambaya ba, zama ya yi kusa da shi yana ba shi labarin yadda ake yi wa mai gadi idan kaya suka ɓata a hannunsa, da irin sauron da ke bayan kanta. Tsohon ya tauna goro ya tauna, can ya nisa.

"Yallaɓai, Alhaji ne ya samo mini aikin nan. Ranar Juma'a ya zo ana shirin tafiya masallaci, ya ce in tafi zai tsare mini ƙofa. Washegari ya aiko da hula. Ni fa tun a Nguru na san shi, ina kai shanu kasuwa. A can ba Alhaji Abbagana ake ce masa ba."

"Me ake ce masa?"

"Gana Mai Yashi."

Talata da sassafe Dunoma ya shiga motar Nguru. A layin 'yan barkono ya nuna hoton Alhaji da ya yago daga jikin fasta. Dattijon farko da ya karɓa ya ƙura masa ido, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ƙwala wa maƙwabtansa kira.

"Ku zo ku ga Gana ya yi tumbi!"

Suka ba shi labari suna katse juna. Shekara takwas da suka wuce, Gana ya sayar wa wasu fatake buhu arba'in na barkono. Da aka isa kudu aka farke, barkonon bai wuce kamu ɗaya a sama ba, sauran duk yashi ne. Da Dunoma ya je kotu, magatakarda ya ɗauko kundi ya buɗe masa: ɗaurin wata tara kan zamba. Dunoma ya karɓi kwafi mai hatimi. Ya san doka, wanda aka ɗaure kan zamba ba ya tsayawa takara sai ya cika shekara goma.

A mota yana dawowa yana murmushi shi kaɗai, har matar da ke kusa da shi ta matsa da kwandon kifinta.

Ranar Laraba ya tara su a ofishin Hajiya Meram. Alhaji ya iso da ayarin magoya baya, suka tsaya a bakin ƙofar makaranta. Hamajoɗa yana rakuɓe a kusurwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Dunoma, "mun samu zanen yatsu a jikin kabad ɗin nan. Kwatantawa kawai ta rage."

Gaskiyar magana, ko hodar gano zanen yatsu bai barbaɗa wa kabad ɗin ba.

Alhaji ya yi dariya. "Da na wa za ku kwatanta? Katunan ai sun tafi da ambulan."

"Ban da naka, Alhaji," in ji Hajiya Meram. "Naka ai ban sa shi ciki ba. Na kai wa mai firam, zan rataye shi a nan bango don malamai su yi koyi."

Alhaji ya miƙe zumbur. "Mai firam? Shi ya sa na zazzage ambulan ɗin nan sau bakwai ban..."

Ya kama bakinsa.

Dunoma ya zaro kwafin kotu ya shimfiɗa a kan tebur. "Mutanen layin barkono suna gaishe ka, Malam Gana."

Alhaji ya koma kujera yaraf, gumi yana bin wuyansa. Ya ce wallahi shi ƙuri'a kawai yake nema, ya ga maganar baƙi tana tayar da jama'a a wurin taro. Sai da ya koma gida ranar dangwalen ya tuna katinsa ma Damaturu zai tafi. Kwana uku bai iya cin tuwo ba.

"Ina takardun bawan Allah?" in ji Dunoma.

"Suna but ɗin mota, ƙarƙashin fastoci."

Wani kofur da ya rako Dunoma ya je ya ɗauko. Hamajoɗa ya ƙirga takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya rungume su a ƙirji. Hajiya ta ce yau ɗin nan za ta kai su Damaturu da kanta.

"Ki kai, Hajiya," in ji Hamajoɗa. "Ni ko kazar wani ban taɓa kamawa ba."

Aka sa wa Alhaji ankwa. Ya roƙi arziƙi a bar shi ya saki hannun babbar rigarsa ya rufe ta, a kuma sa shi a gidan gaba na motar 'yan sanda. Dunoma ya ce wannan ba ta gagara ba.

Da motar 'yan sanda ta fito daga makaranta, magoya baya suka hango Alhaji a gaba kusa da direba, ga kofur da bindiga a baya. Nan take wani ya yi ihu cewa gwamnati ta ba Alhaji 'yan rakiya tun kafin zaɓe. Wuri ya kaure da tafi da guɗa, 'yan babur suka biyo motar suna danna ham.

Alhaji bai san lokacin da ya ɗaga hannu zai gaishe su ba. Hannayen biyu suka tashi tare, hannun riga ya zame, ankwa ta yi wal a rana.

Dunoma ya ce wa direba ya rage gudu, kowa ya samu ya gani.