Faifan da Ya Maƙale a Bayan Ƙofa

Ranar da za a saki kashi na biyu na fim ɗin Tsibirin Kakanmu a faifai, tun da hantsi layin masu sayar da finafinai ya cika. An manna fasta a kowane bango: uba a cikin kwalekwale ya rungume 'ya'yansa biyu, igiyar ruwa ta taso a bayansu. An sanar cewa in an tashi daga makaranta jarumin zai fito ya ɗauki hoto da yara. A wannan hantsin aka buga waya caji ofis aka ce an kashe editan fim ɗin.

Kafin Sufeto ya iso, jama'a sun riga sun yanke hukunci. Ya tarar sun yi wa wani mutum zobe a gindin matattakalar bene, rigarsa a yage, jini na gangarowa daga sanƙonsa. Kura ne, wanda ya fito a matsayin mugu a fim ɗin, mai farautar iyalin nan a daji. Ya daɗe yana fitowa a mugu har an manta da sunansa na gaskiya.

Da ƙyar Saje ya ƙwace shi ya tura shi mota. Da Sufeto ya nemi wanda ya ga kisan da idonsa, sai kowa ya kalli na kusa da shi. Abin da suka sani kawai, jiya an ji Kura da edita suna cacar baki a kan an yanke masa wurare a fim. Wata tsohuwa ta ƙara da cewa ai duk wanda ya kalli kashi na ɗaya ya san abin da mutumin nan zai iya aikatawa. Sufeto ya tsufa a aiki, amma irin wannan shaida har yanzu tana ɓata masa rai.

Ɗakin tace fim yana sama, ciki ɗaya ne. Ƙanwar editan tana zaune a kan matattakala, kwanon abincin da ta kawo wa yayanta yana cinyarta, ko buɗe shi ba a yi ba. Ita ta ga gawar. Ta ce ƙofar a buɗe ta same ta, kuma tun safe babu wuta a layin.

Editan yana kwance rub da ciki kusa da teburinsa. An rotsa masa ƙeya da ƙafar kyamara, ga ta nan a yashe. An zazzage durowa, an kifar da kujera, an yage labule, an ɓalle ma'ajin kwamfutar an tafi da shi. Saje ya ce ko dai ɓarawo ne, ko kuma mai fushi.

Sufeto ya shiga ya tura ƙofar, ya juya. Bayan ƙofa komai na nan tsaf. Sabbin kyamarori biyu a kan kanta, wayar mamacin a gefe, ga wata tsohuwar na'urar kallon faifai da ƙaramar talabijin. Ya koma bakin ƙofa ya sake dubawa daga can. Duk ɓarnar da aka yi, iyakar inda ido yake kaiwa ce daga bakin ƙofa.

Ya kira ƙanwar ya tambaye ta yadda 'yan fim suke shirya ɗaki in za su nuna an yi sata. Ta ce ai ba sa wahalar da kansu, inda kyamara take gani kawai suke hargitsawa, sauran ɗakin babu ruwansu da shi.

"To ɗan fim ne ya yi mana wannan shiri," in ji Sufeto.

"Oga, ai Kura ma ɗan fim ne," Saje ya ce.

Sufeto ya san gaskiya Saje ya faɗa. Ya ɗauki hedifon da ke kan tebur, abin nan da ake kifawa a kunne, ya goga farar takarda a cikin baka ɗin da ke hawa kan mutum. Takardar ta fito baƙi ƙirin, tana warin rinin gashi. Mamacin furfurarsa a fili take. Kura kuwa ko ƙuda ya sauka a kansa sai ya zame.

A caji ofis Kura ya ce barci yake yi a gida har hantsi. Sufeto ya ce masa matarsa ta riga ta shaida wa Saje cewa tun sassafe ya fita, kuma kullum haka yake yi. Ya ƙara masa da cewa shugaban ofis ya kira 'yan jarida, da yamma za a tsayar da shi gabansu da ankwa a hannu, in bai faɗi inda ya je ba.

Nan ƙaton mutumin ya durƙushe. Yana da 'ya guda, tana ajin ƙarshe a firamare. A tsohuwar makarantarta 'yar Kura ake kiranta, har an taɓa fasa mata goshi da dutse bayan fitowar kashi na ɗaya. Da aka sauya mata makaranta sai ta gaya wa ƙawayenta cewa babanta direban babbar mota ne, ba ya zama a gari. Shi da kansa ya ce ta ci gaba da faɗin haka. Kullum da safe yana tsayawa a bayan wata bishiya a tsallaken titi, har ya ga shigarta. Maigadin makarantar ya san shi.

"To sai mu tambayi maigadin," in ji Sufeto.

"Yallaɓai, don Allah kar ku je. In ɗan sanda ya tsaya a ƙofar nan ya ambaci sunana, kafin a tashi kowa ya sani. Gara in kwana a bayan kanta."

"In hotonka ya fita da ankwa fa?"

Kura ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Sufeto ya ji tausayinsa, amma bai yi masa alkawarin komai ba, don ya san halin shugabansa in ya ga 'yan jarida. Ya hana Saje zuwa makarantar, suka koma layin finafinai.

Jarumin yana zaune a shagon furodusa, ƙarƙashin benen da aka yi kisan. Baban Yara ake ce masa, don shi ne uban nan na cikin fasta, kuma babu gidan da ba a ƙaunarsa. Kansa da gemunsa baƙi wul kamar gindin tukunya. Yana ganin 'yan sanda hawaye suka zubo masa, daidai gwargwado, ba su yi yawa ba. Ya ce rabonsa da hawa benen nan tun da aka gama ɗora murya, makonni ke nan.

Ba a tambaye shi ba ya ci gaba da cewa fim ɗin nan da baƙin ciki ya zo. A wajen ɗaukar ketare kogi mai tuƙa musu kwalekwale ya faɗa ruwa ya nutse. Shi ne ya yi ta ƙoƙarin janyo shi, Allah bai nufa ba. Jaridu ma sun yaba masa. Ya ce edita yana haɗa wani ɗan gajeren bidiyo na tunawa da mamacin, za a nuna yau a wajen taro, ga shi shi ma ya bi shi.

Sufeto ya yi masa gaisuwar rashi ya fito. A bayan shagon ya sami mai kwalliyar kamfanin tana wanke matajai a roba. Ya tambaye ta ko Baban Yara ba ya tsufa ne. Ta ce tsufa kai, kansa fari fat yake. Da sassafe ta rina masa, don in ya fito da furfura yara ba za su yarda shi ne na cikin fasta ba. Ta gargaɗe shi kar ya sa hula sai ya bushe, amma ya fita ya dawo mata da wani layi a tsakiyar kai daga kunne zuwa kunne, sai da ta sake shafawa. Ta ce manyan nan ba sa jin magana.

Yanzu Sufeto ya san wanda ya sa hedifon. Abin da bai sani ba shi ne me aka saurara, kuma ma'ajin da zai gaya masa ya ɓace. Rinin gashi kaɗai ba zai sa shugabansa ya saki Kura ya kama mutumin da gari duka yake so ba. Rana kuma ta fara karkata.

Yana tsaye a ɗakin editan yana wannan tunani aka kawo wuta. Fanka ta motsa, wata 'yar jar fitila ta kama a bayan ƙofa, tsohuwar na'urar nan ta fara gurnani. Ƙanwar ta leƙo. Ta ce yayanta bai taɓa barin faifai ya fita daga ɗakin nan ba sai ya gwada shi a wannan akwalar, don yana cewa irinta ce a gidajen mutane, abin da ta ƙi ɗauka bai yi ba. In wuta ta ɗauke da faifai a ciki kuwa, sai dai a jira.

Sufeto ya kalli faifan da ya maƙale a ciki shi kaɗai, sannan ya aiki Saje ya hawo da Baban Yara.

Jarumin ya shigo yana kauda kai daga inda gawar ta kwanta. Sufeto ya rufe ƙofa, ya nuna masa gefen da bai duba ba da safe, ya danna na'urar. Hoton ba komai ba ne, kyamara ce aka bari tana kallon gaɓar kogi bayan darakta ya ce a tsaya. Sauti ne ya fito tar, daga ƙaramar makirfon da ake maƙala wa ɗan wasa a cikin riga, wadda ake mantawa da ita da zarar an gama.

Aka ji faɗawar mutum a ruwa. Aka ji murya tana haki tana cewa, "Maigida, miƙo mini hannu, igiya ta naɗe mini ƙafa." Sai muryar da kowane yaro ya sani ta ce, "Saki kwalekwalen, za ka kifar da ni. Na ce ka saki." Sai ƙarar filafilin tuƙin kwalekwale a kan ƙashi, aka sake, daga nan ruwa kawai ake ji.

Sufeto ya kashe na'urar, ya ajiye takardar nan mai baƙin rini a kan tebur.

"Makonni rabonka da ɗakin nan, amma rinin safiyar yau yana jikin hedifon."

Baban Yara ya zauna a ƙasa. Wannan karon hawayen ba su zo ba. Ya ce bai iya ruwa ba, tsoro ne ya kama shi ranar, kuma tun daga lokacin bai yi barcin kirki ba. Edita ya ci karo da sautin ne yana neman muryar mai tuƙa kwalekwalen don bidiyon tunawa. Ya kira shi da safe, ya sa masa a kunne daga kwamfuta mai batir don kar maƙwabta su ji, ya ce saboda girmansa yana ba shi dama ya kai kansa wajen hukuma kafin taro, in ba haka ba shi zai kai sautin.

"Na roƙe shi. Na ce ya dubi yaran da suke kallona. Ya juya mini baya, ƙafar kyamarar tana kusa da hannuna."

"Da ka sauko ka ga ana dukan Kura fa?"

"Na ce a raina ai shi ya saba."

Sufeto bai taɓa marin wanda ke hannunsa ba, amma ranar sai da ya tura hannayensa cikin aljihu. Ya buga wa shugabansa waya, ya sa Saje ya je ya ɗauko Kura, don yana so a sake shi a inda aka dake shi.

Lokacin da suka sauko da Baban Yara an tashi daga makaranta, layin ya cika da yara masu jakunkuna, kowa riƙe da sabon faifai. Da suka ga ankwa a hannunsa sai wani ya ce kashi na uku ake ɗauka. Aka ɗauki tafi, ana ɗaga kai ana neman inda aka ɓoye kyamara. Shi kuma, don sabo, har ya fara ɗaga musu hannu, sarƙar ta tsayar da shi. Saje ya danna kansa ya shigar da shi mota.

Kura yana zaune a gindin matattakala da bandeji a ka. Sufeto ya ɗaga murya ya ce mutumin nan ba shi da laifi, amma tafi ya cinye maganar. Wani ma ya wurgo ɓawon ayaba ya sami kafaɗar Kura.

Wasu 'yan mata masu kayan makaranta suka zo wucewa. Ɗaya ta nuna shi ta ce ga mugun nan. Ta bayansu ta tsaya cak. Kura ya gan ta, ya yi maza ya juya fuskarsa bango don ta samu ta wuce.

Ba ta wuce ba. Ta ratso ƙawayenta, ta ɗauke ɓawon daga kafaɗarsa ta yar, ta kama hannunsa.

"Baba, tashi mu tafi gida."

Ƙawayen suka ja da baya suna kallon juna. Sufeto ya san gobe sai ta biya kuɗin wannan kalma a makaranta, kuma ya ga alamar ita ma ta sani. Ya bi bayansu da kafa har suka fita daga layin, sannan ya koma wajen motar.