Sunan Da Inna Ba Ta Kira

Baraka na durƙushe a bakin rariya tana wanke zannuwan da Inna ta ɓata, sabulu na cin tsagar hannunta, hawaye na ɗiga cikin kumfa. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Inna ya ɗauke mata magana, ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce ba da kunu da cokali a tsohon gidansu na Madabo. Ba aikin ne ke sa ta kuka ba. Abu ɗaya take kwaɗayi tun tana 'yar mitsitsiya: ta ji sunanta a bakin uwarta, ga shi bakin ya rufe.

Ita ce 'yar fari, Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske wajen kunya, don haka "ke" da "waccan" su ne sunan Baraka. A kanta aka gwada duk wata tarbiyya. In ta fasa tangaran, tsumagiya. In ta leƙa zaure bayan magariba, tsumagiya. Da aka haifi Kausar sai tsumagiya ta koma faɗa, a kan Musbahu faɗa ya koma harara, kafin a zo kan auta Muttaka kuwa hararar ma ta gaji ta kwanta. Shi ne zai tsoma hannu a tukunya ya tsame nama, Inna ta yi dariya ta ce, "Muttaka na Inna, ku ƙyale shi, yaro ne." Yaron nan har ya tara gemu bai daina zama yaro ba. Baraka takan laɓe bayan randa tana jin yadda sunansa ke fita da zaƙi, tana raya yadda nata zai fito...

Ana cikin haka, wata Juma'a Kausar ta zo dubiya, ta buɗe kwallar Inna ta tarar babu sarƙar zinaren da ake tanadi don kujerar Makka. Bayan la'asar Baffa, ƙanen marigayi mahaifinsu, ya tara su a ɗakin Inna.

"Baffa, wa ke kwana a nan in ba Yaya Baraka ba?" in ji Muttaka, yana kaɗa makullin sabon babur ɗin da ya ce aro ne. "Tun da mijinta ya rasu ta tare mana a gida. Ita kanta Inna ba ta taɓa sakin jiki da ita ba. Kun taɓa jin ta kira ta?"

Ya kuwa fama mata gyambo. Baraka ta ce, "Wallahi Baffa ban ɗauka ba... Ku bar ni da jinyarta, ko a zaure ne sai in kwana. Wa zai juya ta?"

Baffa ya kau da kai. "Haɗa kayanki ki koma Ƙofar Ruwa wajen dangin mijinki, har gaskiya ta yi halinta."

Ta ƙulle 'yan tsummokaranta, ta durƙusa ta share wa Inna miyau da gefen mayafi. "Ki yafe mini, Inna... Ya Allah, Kai ne shaidata." Ta miƙe, ta kama labule.

"Ba... ra... ka."

Baraka ta waiwayo. Muryar a dashe take, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Baraka... dawo." Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya da ƙyar ta nuna autanta, hawaye na gangara mata cikin kunne. "Shi ne... ina kallo. Ni na ɓata shi."

Makullin ya suɓuce wa Muttaka ya faɗi. Baffa ya duƙa ya ɗauka, ya ce gobe babur zai shiga kasuwa a fanso sarƙa, kuma kada Muttaka ya sake taka zauren gidan nan sai ya nemi gafarar yayarsa a gaban dangi. Muttaka ya fita sumui-sumui yana waiwayen gado, ba wanda ya ce yaro ne.

Baraka ba ta ma ji hukuncin ba. Ta rarrafa ta kwantar da kanta a ƙirjin Inna, wurin da ba ta taɓa kwanciya da wayonta ba, tana kuka kamar jaririya.

"Inna... ƙara faɗa."

Inna ta dafa kanta, ta ƙara.